Zuwa ga Malamar da ta tambaye ni dalilin k a cikin knife

Assalamu alaikum, Malama.

A taron malaman firamare na ranar Asabar kin miƙe a gaban jama'a kin tambaye ni me ya sa Turawa ke rubuta knife da k amma su ce "naif", kuma me za ki gaya wa 'yan aji huɗu in sun tsare ki da tambayar. Lokaci ya ƙure a ranar, na yi miki alkawarin amsa a rubuce.

Ki gaya musu cewa a da ana furta k ɗin nan. Bature na shekaru 600 da suka wuce yana faɗinsa a knife, da knee, da knight, har gh ɗin da ke cikin night yana da sautinsa, mai kama da kha ta Larabci. Baki ne ya ci gaba da tafiya, alƙalami ya tsaya. A 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa, a daidai zamanin da wasulan Ingilishi ke sauya murya, tsakanin wajen 1400 da 1700. Kalmar house da "huus" ake cewa, time kuwa da dogon "ii". Furuci ya yi ƙaura, haruffa suka zauna a kufai.

Wasu haruffan ma ba a taɓa furta su ba, shisshigin masana ne kawai. Bashi a da dette ake rubutawa, daga Faransanci, sai malamai suka cusa b don a tuna da debitum na Latin, aka sami debt. Na island ya fi ban haushi: sun saka s bisa zaton kalmar 'yar'uwar isle ce, alhali ko kaɗan ba su haɗa dangi ba. Kuskure ne, amma ya zauna daram, yau kuma shi ake kayar da ɗalibi a kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kakanninmu da ba su shiga aji ba sun fi mu kama furucin, don da kunne suka ɗauka. Sojan da ya ji hafsansa na Ingila yana faɗin colonel ya ce kanar, bai ce "kolonel" ba. Ya ji lieutenant ya ce laftanar, da f ɗinsa, kamar yadda mutanen Ingila ke faɗi, ko da yake babu f a rubuce, kuma Amurkawa ba sa furta shi. Mu da muka koya da ido mu ne muke tuntuɓe.

Saboda haka, Malama, in yaro ya karanta tough kamar though, ba daƙiƙanci ba ne. Ya saba da rubutun Hausa na boko, inda kusan kowane harafi ke riƙe da sauti ɗaya, ya zo ya tarar da harshe mai haruffa 26 da sautuka wajen 44. Ough kaɗai na da murya daban a though, through, tough, cough da thought. Mu ma fa kada mu cika baki: garin tuwo da garin Kano rubutunsu ɗaya, mai koyon Hausa na shan wahalarsu yadda yaranki ke sha.

Inda zan so ki tsananta shi ne inda ma'ana ke sauyawa. Hausa ba ta bambanta p da f, don haka pan da fan, ko pull da full, kan zama abu ɗaya a bakin yaranmu. Haka vote da boat, da think da sink. Waɗannan ki sa su a bakinsu kullum, bibbiyu, su kalli leɓɓanki. Sabuwar kalma kuwa ki fara faɗa musu ita su maimaita kafin ki rubuta a allo, kuma ki tara masu hali ɗaya wuri guda, knife, knee, knock, know, su haddace su a matsayin 'yan gida ɗaya.

Ki gaishe mini da 'yan aji huɗu, musamman wanda ya fara tayar da maganar k.

Wassalam.