Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Masu Aikin Manyan Janareto da Taransifoma, Jos

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, ogogi da sauran 'yan uwa mambobi, barkanmu da ganin ƙarshen wannan shekara lafiya. Kafin komai muna addu'a ga dattijonmu da ya rasu da damina, wanda da yawa cikinmu a hannunsa muka koyi naɗin koyil. Allah Ya jiƙansa, Ya albarkaci bayansa. An kai wa iyalinsa gudummawa daga asusun taimakon juna.

Za ku tuna alkawarin da muka ɗauka a babban taron da ya gabata, cewa za mu daina zama jiran inji ya ƙone sannan a kira mu. Duhun watan Oktoban 2024 ne ya koya mana wannan darasi, lokacin da layin 330kV na Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir da ke kawo wuta ta Makurdi zuwa Jos shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe kwanaki babu wuta. Janareton da aka saba tayarwa na awa biyu ko uku sai ga shi yana aiki dare da rana, duk wanda ke da ɓoyayyen ciwo ciwon ya fito fili. Saboda haka bana kuɗin ƙungiya mafi tsoka ya tafi ne wajen sayen kayan gwaji na haɗin gwiwa, wato mega mai auna ƙarfin rufin waya, da na'urar auna atin (wayar kariya da ke kai wuta ƙasa), da ta gwada man taransifoma.

Mega ta biya kuɗinta tun kafin damina ta ɗauke. A wani kamfanin niƙa da ke hanyar Bukuru, an kira mambobinmu biyu su tayar da janareto mai 500kVA da ya yi watanni a kashe cikin ɗaki mai yoyo. Manaja na tsaye, hannu a ƙugu, yana cewa a murɗa kawai. Suka ƙi. Da suka cire AVR, na'urar daidaita ƙarfin wuta, suka ɗora mega a kan naɗin, karatun bai kai ko megaom 1 ba, alamar raɓa ta shige shi sosai. Suka rufe shi da tamfol, suka jera fitilu masu zafi a ciki, ana aunawa safe da yamma, karatun yana hawa a hankali har kwana na uku. Injin yana aiki har yau. A wani otal kuwa mai wurin ya ce gwaji ɓata lokaci ne, ya kira wani daga waje ya tayar masa. Sati bai zagayo ba aka kawo mana naɗin a bayan a-kori-kura, baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen fenti. Ni dai abin ya yi mini ciwo, don asarar da ba ta zama dole ba ce.

Ta fuskar taransifoma, abin da muka fi cin karo da shi ƙarami ne amma mai kisa. Ƙwayoyin silika da ke cikin kwalbar numfashi, waɗanda ya kamata su zama shuɗi, a wurare da yawa mun tarar sun koma ruwan hoda, wato sun ƙoshi da danshi, iskar da ke shiga tanki tana kai ruwa cikin mai. Mai kuwa da ya sha ruwa ba ya tare wuta. Mun canza ƙwayoyin, inda gwaji ya nuna man ya yi rauni muka ba da shawarar a tace shi.

Atin ne ya fi ba mu wahala. Ƙasar Jos dutse ce, ga tsawa da damina kamar ba gobe. Ka buga sanda ɗaya ta tsaya a kan fa, ka auna ka ga karatu ya yi sama, amma mai gida ya ɗauka yana da kariya. Kwamitin fasaha ya yanke cewa daga yanzu mamba ba zai miƙa aiki ba sai ya rubuta karatun atin a takarda, kuma a yi awon da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, don a nan gaskiya ke fitowa. Gishiri da gawayi da muka gada suna sauke karatu na ɗan lokaci, sai dai gishirin yana cin sanda, ruwan sama kuma yana wanke shi. Sanduna da yawa a tazara, a haɗe su da tagulla, shi ya fi ɗorewa.

An gudanar da bita ga yaran shago a ranakun Asabar. An koya musu dalilin da ya sa janareto mai fol huɗu na maganaɗisu dole ya juya sau 1,500 a minti kafin ya ba da 50Hz, da sharuɗɗan haɗa injuna biyu su ɗauki lodi tare, wato ƙarfin wuta, da mitar wutar (Hz), da jerin fes (layukan wuta uku), da daidaituwar lokaci. An kuma ja hankalinsu kan abin da ya shafi garinmu: ƙarfin da aka rubuta a jikin altaneta, ɓangaren da ke samar da wuta, an ƙiyasta shi ne zuwa tsayin mita 1,000 daga teku, Jos kuwa ta kai kimanin 1,200. Iskarmu ba ta da kauri, sanyin gari yana taimakawa, amma duk da haka a duba littafin injin kafin a cika masa lodi. Haka nan babban inji da ake bari yana ɗaukar ɗan ƙaramin lodi, shi ne za ka ga baƙin mai yana tsiyaya daga salansa. Muna ƙara kira ga waɗanda ba su karɓi shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar kula da ingancin aikin lantarki ta ƙasa, ba su hanzarta.

Akwai maganar da shugabanni suka ce a faɗa ba ɓoye-ɓoye. An dakatar da mamba ɗaya saboda ya haɗa janareto da layin gari ba tare da cenjoba, makunnin da ke raba layin gari da janareto, ba. Wutar 415V da ta koma baya ta bi taransifoma tana fita a 11kV, kuma mai hawa fol da ya tabbata an kashe layi shi za ta samu. Ya amsa laifinsa, ya gyara aikin da kuɗinsa.

Ziyarar Kurra ba ta yiwu ba saboda kuɗin mota. Mun so yaranmu su ga tashar ruwa ta NESCO, kamfanin da aka kafa a 1929 don bai wa ma'aikatun haƙar kuza wuta, shekaru kusan arba'in kafin a buɗe Kainji a 1968. An ɗage ta zuwa rani mai zuwa in Allah Ya yarda.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi dalla-dalla a taro, tare da sunayen waɗanda ake bi bashin kuɗin wata. Wanda na'urar auna atin take hannunsa ya dawo da ita ofis kafin ranar, da wayoyinta da ƙusoshinta cikakku, don akwai mutum uku a layi suna jira.

Sakataren ƙungiya