Sojan BIR, ka gyara takardun gida kafin a tura ka daji

Malam Edita,

Tun 2014 ake tura dakarun BIR, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa ta sojojin Kamaru, zuwa Kolofata, Amchide da Fotokol saboda Boko Haram, kuma iyalansu a Marwa da Garwa ne ke ɗanɗana kuɗarsu. Ga abin da muke so matasan sojoji su ji.

Ɗaurin aure a masallaci ya halatta maka matarka, amma hukuma takardar auren meri, wato ofishin magajin gari, take dubawa. In babu ita, ranar da ta Allah ta kasance, matar za ta sha wahala kafin ta ga sisi na haƙƙin mijinta. Haka takardar haihuwar kowane yaro, a yi ta da wuri.

Sai albashi. Kada ka bar katin banki a hannun ƙaninka, nan rigima ke farawa tsakanin matarka da danginka. Ka yanka mata kuɗin cefane, ya riƙa shiga wayarta ta Orange Money ko MoMo duk wata, na mahaifiya kuma daban. Kuɗin makaranta a ware shi kafin Satumba.

Waya kuwa takan mutu kwana da kwanaki a bakin aiki. Ka gaya wa matarka haka tun farko, ka bar mata lambar wani abokin aiki da ke bariki, don kada jita-jitar unguwa ta riga ka isa gida.

Daga wasu masu karatu,
Marwa, Kamaru