Ƙurajen fuska: man da ake saye don goge tabo shi ke ƙara su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana kan ƙurajen fuska, waɗanda aka fi sani da ƙurajen balaga. Mu ma'aikatan lafiya ne a nan Damagaram. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ciwon da ake iya shawo kansa cikin wata uku yana komawa tabon shekaru a fuskokin ƴaƴanmu, kuma mafi yawan ɓarnar daga man shafawar da ake sayarwa a tebur take fitowa. Iyaye kan ce a bar yaro, girma ne, zai wuce. Ƙurjin kan wuce ga mafi yawa, amma ramin da ya bari a kumatu ba ya cikewa da kansa.

A gindin kowane gashi, har da siririn nan na goshi da ido ba ya gani, akwai ƴar jaka mai fitar da maiƙo don kada fata ta bushe. Idan yaro ko yarinya suka fara balaga, sinadaran jiki da ake kira homon sukan sa jakar ta ƙara girma, maiƙon ya yawaita. Mataccen ɓawon fata, maimakon ya zube, sai ya cakuɗe da maiƙon ya toshe bakin ƙofar gashin. Akwai kuma wata ƙwayar cuta da dama can tana zaune a fatar kowa ba ta cutar da shi. In ta sami rami a toshe cike da maiƙo sai ta hayayyafa, jiki ya tasar mata da yaƙi, wurin ya kumbura ya tara mugunya. Shi ya sa ƙurajen suka fi fitowa a fuska da ƙirji da gadon baya, inda jakunkunan maiƙo suka fi yawa. Ƙurajen ana gadon su. Ba a ɗaukar su daga wani, ba ƙazanta ba ce, ba kuma dattin jini ba. Maganar da ake yi wa samari da ƴan mata cewa aure suke so, aure zai warkar da su, ba ta da tushe: matan aure masu ƴaƴa uku huɗu suna fama da su a haɓa da muƙamuƙi, musamman kwanaki kaɗan kafin al'ada.

Ƙurajen ba iri ɗaya ba ne, kuma irin shi ke nuna maganin. Mafi sauƙi su ne toshewar da ba ta kumbura ba: mai baƙin kai a kan hanci, da mai farin kai da ake ji kamar tsakuwa a ƙarƙashin fatar goshi. Baƙin nan ba dauɗa ba ce, iska ce ta taɓa abin da ya toshe ramin ya yi duhu, don haka dirzar sa da soso ba ya fitar da shi. Sai masu kumburi da zafi, wasu da mugunya a kai. Sai mafi muni, manyan ƙullutai masu zurfi da ciwo kamar maruru, waɗanda kan yi makonni ba su yi baki ba. Su ne ke barin rami, ga wasu kuma tabo mai tudu da ƙaiƙayi a muƙamuƙi ko ƙirji. Mai irin waɗannan kada ya ɓata lokaci da man shafawa, asibiti ya nufa.

A kula, ba kowane ƙurji ne na balaga ba. Ƙurajen zafi na watan Afrilu da Mayu ƙanana ne masu tsikari a wuya da baya, sukan lafa in jiki ya sha iska. Na gemu da ƙeya bayan aski kuwa gashi ne mai lanƙwasa ke komawa cikin fata, maganinsu a daina ƙwalƙwal da reza, a rage gashin da inji a bar ɗan tsawo.

Ga inda matsalarmu take. Baƙar fata, duk inda ta kumbura, takan bar baƙin tabo bayan ƙurjin ya tafi. Ƙurjin sati ɗaya yake yi, tabon kuwa sai ya kai wata shida ko shekara. Tabon ne ke hana yarinya sakewa cikin ƙawaye a lakwal ko wurin biki, shi ne ke kai ta teburin mai kayan shafa ta ce a ba ta abin da zai goge shi. Sai a miƙo mata ƙaramin tub, ko a matse biyu uku cikin kwalbar man shafawa a ce haɗi ne. A duba kwalin da kyau. In an ga an rubuta clobétasol ko bétaméthasone, to kortizon ne mai ƙarfi, magani ne na wasu cututtukan fata da likita ke rubutawa na kwanaki ƙididdigaggu, ba a kuma yarda a riƙa shafa shi a fuska ba.

Yaudarar tasa ita ce sati biyun farko. Kumburi ya kwanta, fuska ta yi haske da santsi, kowa ya ce ta yi kyau. Bayan wata biyu uku sai a ga wata fuska daban: ta fi wuya haske, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, goshi da kumatu sun cika da ƙananan ƙuraje masu girma ɗaya kamar an watsa gero, fatar ta yi laushi har jijiyoyi ja suna nunawa, gashi ya fara tsiro a gefen kumatu, in ta shiga rana sai raɗaɗi. Ranar da ta daina shafawa fuskar ta yi ja, ta hau ƙaiƙayi da ɓarewa, ta tsorata ta koma wa man. A nan ake kama mutum shekara da shekaru. Ga mai shafa shi a duk jiki kuwa, man yana shiga jini, ya kawo nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa, da hawan jini, da ciwon sukari, rauni kuma ya ƙi warkewa. Wasu mayukan suna ɗauke da hydroquinone, sinadarin sa fata haske, wadda in an daɗe a kanta take barin wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a ƙasan ido, mai wuyar magani ƙwarai. Haka ƙwayar dexaméthasone da wasu mata ke sha don su yi ƙiba, ita ma kortizon ce, tana feso ƙuraje a ƙirji da baya. Wadda ta daɗe tana shan ta kada ta yanke rana ɗaya, akwai haɗari babba, likita ne zai rage mata a hankali. Mai shafa man ma gara a janye ta sannu cikin makonni, a gaya mata tun farko cewa fuskar za ta ɓaci kafin ta gyaru, don kada ta karaya.

Maganin gaskiya yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. A wanke fuska sau biyu a yini, safe da dare, da sabulu marar kaifi da tafin hannu, a tsane da tsumma mai tsabta ba tare da gogawa ba. Mun san halin ruwa a garin nan, amma moɗa ɗaya ta isa. Alwala ba ta da laifi, sabulun ne bai kamata ya wuce sau biyu ba. Man kitso da basilin da man shanu in sun gangaro goshi suna toshe ƙofofin gashi, shi ya sa ake ganin layin ƙuraje a bakin ɗankwali. Hijabin da ya sha zufa yana gogar haɓa, da igiyar hular kwano ta ƴan kabu-kabu, su ma suna tayar da su, sai a yawaita wanki. Lemon tsami a fuska in rana ta taɓa shi ƙuna yake yi ya bar baƙi, haka tafarnuwa da man goge baki da kanwa. Matsewa kuwa ita ce uwar tabo: rabin mugunyar ke fitowa, sauran ya fashe ciki. Na kewayen hanci da leɓen sama ma kada a kusance su, domin jijiyoyin jinin wurin suna da hanya zuwa cikin kai.

Kan abinci ba za mu tsawaita ba. An ɗora wa gujiya da ƙuli-ƙuli laifin da ba a tabbatar ba. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne yawan sukari da lemon kwalba da kayan fulawa na iya ƙara su ga wasu, madara ma ga wasu. Hana yaro abinci kaɗai ba ya warkar da shi.

Sunayen magunguna mun rubuta su yadda suke a kwali don a gane su a farmasi. Ga ƙuraje masu sauƙi da matsakaita, biyu ne ginshiƙi. Na farko peroxyde de benzoyle mai 2,5% ko 5%, yana kashe ƙwayar cutar. Mai 10% bai fi su aiki ba, ya dai fi su ƙona fata. Yana cinye launin tufa, don haka a wanke hannu bayan shafawa, a sa tsohuwar rigar matashin kai, a kiyaye hijabi mai launi. Na biyu adapalène mai 0,1%, shi ke buɗe toshewar, yana kuma taimaka wa tabo ya dushe. Da dare ake shafa shi, bayan fuska ta bushe sarai. A matso kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya, a ɗiga a goshi da kumatu biyu da haɓa, a baza a duk wurin da ƙurajen ke fitowa, a kauce wa ido da leɓe da kusurwar hanci. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora shi a kan ƙurjin da ya riga ya fito kawai, alhali aikinsa hana na gobe fitowa. Sati biyun farko a shafa dare ɗaya a tsallake ɗaya. Fata za ta ɗan bushe ta yi saɓa, musamman da hunturu, sai a sa man shafawa marar maiƙo a kai. In ta yi zafi sosai a huta kwana biyu uku a dawo, domin fatar da aka ƙona da magani ita ma baƙi take bari. Ba a ganin canji kafin sati 6 zuwa 8, ba a kuma yanke hukunci kafin sati 12. Mafi yawan masu cewa magani bai yi ba a sati na biyu suka ajiye shi. In fuska ta gyaru a ci gaba da adapalène, in ba haka ba, ƙurajen za su dawo. Rana tana ƙara wa tabo duhu, sai a nemi inuwa da malafa, mai hali ya sayi man kare rana mai lamba 30 ko sama.

In kumburin ya yi yawa ko ya bazu a baya, likita kan ƙara doxycycline, galibi miligiram 100 a yini, na kamar wata uku, tare da na shafawa. Shan sa shi kaɗai, ko saye a tebur a sha kwana biyar a bari, koya wa ƙwayar cuta jure magani ne kawai. A haɗiye shi da cikakken kofin ruwa bayan an ci abinci, kada a kwanta sai an yi aƙalla rabin awa, don in ya maƙale yana ƙona maƙoshi. Da azumi gara bayan buɗa baki da a sha da sahur a koma barci. A raba shi da fura da nono da maganin ƙarin jini da awa biyu. Yana kuma sa rana ta fi cin fata.

Mai ciki, ko mai neman ciki, ta faɗa wa likita tun kafin ya ɗauki biro. Adapalène da doxycycline duka ba nata ba ne. Akwai acide azélaïque da ya dace da ita, wanda yake rage tabo ma. Macen da ƙurajenta suka zo da rikicewar al'ada da gashi a haɓa tana bukatar a duba mata ƙwan haihuwa. Wadda ta ga sun taso bayan allurar tazarar haihuwa ko ashanar hannu ta koma wurin ungozomar asibiti su tattauna wata hanyar, kada ta bar tsarin da kanta.

Ga masu manyan ƙullutai akwai isotrétinoïne, ƙwayar da ta fi kowace ƙarfi, takan kawar da ciwon na dogon lokaci bayan watanni ana sha. Likitan fata kaɗai ke ba da ita. Tana nakasa ɗan da ke ciki mummunar nakasa, don haka sai da gwajin ciki da tabbataccen tsarin hana ɗaukarsa, har wata ɗaya bayan an gama. Ba a haɗa ta da doxycycline, ba a ba da jini ana shan ta, ba a kuma ba ƙawa ta sha. Duk wanda ƙurajensa suka fara barin rami, ko ya yi wata uku yana magani bisa ƙa'ida bai ga sauƙi ba, ko yaron da ya daina fita cikin mutane saboda fuskarsa, a fara da asibitin unguwa a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder.

Malam Edita, roƙonmu gare ka da ƴan'uwanka na gidajen rediyo shi ne ku riƙa tambayar abin da ke cikin man kafin ku karɓi tallarsa. Hukumomin lafiya su leƙa teburan kayan shafa a Kasuwar Dole da kasuwannin ƙauyuka, su raba magani da kwalliya. Iyaye mata kuma, a daren yau, su ɗauko man da ƴaƴansu ke shafawa su karanta kwalin, in haɗi ne marar suna a kai shi farmasi a tambaya kafin a sake buɗe shi.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Zinder, Damagaram