Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Tallafin Lafiyar Mata Masu Juna Biyu da Ƙananan Yara

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin yadda aka yi amfani da gudummawarku a shekarar da ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kusan 260,000 ne suka rasu sanadin goyon ciki ko haihuwa, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2023 ɗin kuma jarirai kimanin miliyan 2.3 ba su kai wata guda a duniya ba. Yawancin waɗannan rashe-rashe ana iya kauce musu da abubuwa masu araha. Wannan shi ya sa muke tara kuɗin nan wata-wata.

Kaso mafi tsoka ya tafi ne ga zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba wajen hallaka masu jego. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ta sauka don mahaifa ta tsuke, tana buƙatar sanyi, zafi na rage mata ƙarfi. Don haka muka sa wa ƙananan asibitocin da muke aiki da su firji mai aiki da hasken rana, inda kuma ba a kai ga sa firjin ba, muka kai ƙwayar misoforostol wadda ba ruwanta da sanyi. Mun kuma raba ledar nan mai ma'auni da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai haihuwa. A da ungozoma da ido take kintatar jinin da ya zuba, ido kuwa yakan raina shi. Yanzu jinin na taruwa a aljihun ledar, tana kallon layi, da ya kai rabin lita ta san lokacin jira ya wuce. Ungozomomin sun ce a duk kayan da muka kai, ba abin da ya canza musu aiki kamar wannan leda.

Sai batun mota. An yi doguwar muhawara a kwamiti kafin a amince da asusun kai masu naƙuda babban asibiti, domin wasunmu sun fi son a sayi kayan jarirai a raba, abin da ake gani a hoto. Gaskiya kuɗin mai da na direba ba su da kyan gani a rahoto, amma macen da jijjiga ta kama cikin dare ba zanen goyo take buƙata ba. A ganinmu wannan asusu ne ya fi biyan kuɗinsa a bana. Mun haɗa shi da na'urorin awon hawan jini da allurar magnesiyom salfet ta maganin jijjiga, wadda ake bayarwa kafin a ɗora mace a mota.

A ɓangaren yara, masu aikin sa kai sun bi gida-gida da igiyar awon damtse. Yaron da damtsensa ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ta yi masa tsanani, nan take ake tura shi cibiyar kula da su. An koya wa iyaye haɗa ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zink ga mai gudawa, da shayar da nono zalla wata 6, da rungume bakwaini a ƙirji, fata da fata, don ya sami ɗumi.

Inda har yanzu da sauran aiki shi ne awon ciki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 kafin ta haihu, amma da yawa sai ciki ya tsufa suke zuwan farko. Mun lura cewa inda aka zauna da mazaje da surukai aka yi musu bayani, matan sun fi fitowa da wuri, don haka za mu faɗaɗa waɗannan zama a shekara mai zuwa. Jini ma na yawan yankewa a manyan asibitoci, kuma muna neman membobi masu lafiya da za su rubuta sunansu cikin masu bayarwa.

Littafin shiga da fitar kuɗi, tare da rasitai, na hannun ma'aji ga duk mai son dubawa kafin babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a daure a biya, da shi za mu gyara batiran firjin da suka fara rauni.

Allah Ya saka da alheri.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa