A Riƙa Faɗa Mana Tazarar Hasashe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da ƙididdiga, kuma wani abu na damuna. Ɗalibi zai tattaro farashin buhun masara daga kasuwar Dawanau, ya zuba a manhajar lissafi ta Excel, kwamfuta ta ja miƙaƙƙen layi ta tsakiyar alƙaluman, sai ya ɗauki adadin da layin ya hasaso tamkar yankan wuƙa. Alhali matsakaici ne kawai. Ainihin farashi yakan faɗo sama ko ƙasa da layin, kuma dole a bayyana wannan tazarar. Layin da aka ja kafin Mayun 2023 ai bai san za a cire tallafin fetur ba. Don Allah masu kawo mana hasashe a jarida su riƙa faɗin tazarar hasashen da kuma shekarun da suka auna.

Naku,
Wani malami daga Gwale, Kano