A daina sayar wa 'yan gwangwan tsofaffin injinan yanka katako

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya.

A ƙauyukanmu na nan wajen Ringim da Taura, da injin yanka katako ya ƙi tashi sai ka ji an ce ai ya mutu, a kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli su biya kuɗin ƙarfe, a je a sayo sabo ɗan Chana wanda da ƙyar zai ga damina biyu. Wallahi abin na min ciwo. Tsohon Stihl 070 ɗin nan na Jamus mai cc 105, wanda masu tsaga katako suka daɗe da sani, an yi shi ne yadda za a kwance a gyara a sake ɗaurewa.

Galibi ma ba wani babban ciwo ba ne. Ƙurar hunturu ta toshe filta, ko kafireta ta cika da datti, ko fulogi ya yi baƙi ƙirin. A wanke, a canza 'yar robar cikin kafireta, a sa sabon fulogi, sai ka ji ya ɗauka. In kuma ka ja igiya ka ji ta taho sakwa-sakwa babu nauyi to ringi ne ya cinye, ka cire salansa ka leƙa, in ka ga fistin duk zane-zane kamar an karce shi da ƙusa sai a canza shi, wani lokacin har silinda, kuma ana samun kayan a Kano in mutum ya yi haƙurin nema ya kauce wa jabu.

Mu ke kashe su da hannunmu. Injin nan ba shi da wurin zuba baƙin man inji kamar janareto babba, man da ake haɗawa a cikin fetur shi ne kaɗai ke jiƙa fistin. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa tsimi yake, sai a rage man haɗin, wasu har wanda aka juye daga mota suke zubawa. Ga sarƙa ta dakushe ba a wasa ta, mutum na dannawa da ƙarfi inji na ɗaukar zafi, garin katakon na fita laushi maimakon ɓarzaje.

Ni ba ina goyon bayan masu kwantar da ɗorawa da gawo ɗanyu ba ne, wannan ɓarna ce kuma a hukunta su. Amma kowa ya san farkon damina yadda iska ke kayar da darbejiya kan gidaje da hanya, gatari ba zai fitar da mu ba.

Roƙona ga masu shirya koyar da sana'o'i a Jigawa da Kano, a saka gyaran injinan nan a ciki. Yaran da ke gyaran babur da injin ban ruwa a bakin kasuwa sun riga sun san rabin aikin, ƙarin horo kaɗan suke buƙata, sai a haɗa musu da kayan aiki.

Naku,
Mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa