Ina Bitrus da Istifanus suka tafi?

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Don Allah ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana Kiristocin arewa a kan sunayen da muke raɗa wa yaranmu maza, don abin ya daɗe yana damuna. Ka shiga ajin Sande Sukul yanzu a Kaduna ko Jos ko Kafanchan ka kira Bitrus ko Istifanus ko Filibus, da kyar yaro ɗaya ya waiwayo, duk sun koma Peter da Stephen da wasu sunayen da iyaye ke tsinta a waya, wai na da ɗin na ƙauye ne, na tsofaffi.

To ai Bitrus da Peter suna ɗaya ne. Asalinsa Helenanci, ma'anarsa dutse, Yesu da kansa ya ba Siman shi, yana nan a Matiyu 16:18. Kuma yadda muke faɗinsa ɗin nan ba mu kaɗai ba ne, Kiristocin Masar da Labanan ma Butrus suke cewa, Bulus suke cewa, Yuhanna suke cewa. Boutros Boutros-Ghali da ya riƙe Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1992 zuwa 1996 ai Bitrus ne sau biyu, wa ya ce masa ɗan ƙauye? Sunayen nan su ne a cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fitowarsa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller da abokansa suka yi, da su aka yi wa kakanninmu baftisma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a tambayar ma'ana kuma. Mutanen Littafi kam ba haka suke ba, suna a wurinsu labari ne. Ishaku dariya ke nan da Ibrananci, don Saratu ta yi dariya da aka ce za ta haihu da tsufanta, Ibrahim na da shekara 100 aka haifi yaron. Sama'ila, Hannatu ta ce ta roƙo shi ne daga wurin Ubangiji bayan ta sha gori a gidan miji, duk macen da ta daɗe tana jiran haihuwa ta san nauyin wannan suna ba sai an faɗa mata ba. Yohanna na nufin Ubangiji mai alheri ne, Daniyel kuma Allah ne alƙalina, Istifanus kambi ne irin na wanda ya ci nasara, shi ne na farko da aka jefe saboda bangaskiya. Toma 'yan biyu ne kawai, Filibus mai son dawaki, Bulus kuma Latin ne, ƙarami.

Kuma ba duk sunan da ke Littafi ne za ka ɗauka ba fa don ya yi daɗi a kunne. Ikabod yana nan a 1 Sama'ila 4:21, uwarsa ta raɗa masa tana bakin mutuwa, ma'anarsa ɗaukaka ta rabu da Isra'ila, don an ƙwace akwatin alkawari. Wa zai so ɗansa ya ɗauki wannan?

Ni ban ce a hana kowa sunan Turanci ba, ɗanka ne. Amma Yakubu da Dauda da Yusufu da Haruna da Ayuba, waɗannan mu da maƙwabtanmu Musulmi muka haɗa su, Janar Yakubu Gowon da ya tashi a Wusasa da wannan suna ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, a garuruwan da yanzu ake jin sunan mutum a yanke masa hukunci wannan ba ƙaramin abu ba ne, bai kamata mu yar da shi ba.

Roƙona ga fastocinmu, ranar miƙa yaro a coci a tsaya a faɗa wa jama'a ma'anar sunan da ayar da ya fito, minti biyu ya isa. Kai ma Edita da za ku ware ɗan shafi kuna kawo sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, da masu karatu da yawa sun gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Kafanchan